Amo Ɗaya, Kalmomi Huɗu: Nazari a Kan Kalmar *Right* da Takwarorinta

A ƙarshen shekarar karatu da ta gabata, wata ƴar uwa daga sashen nazarin zamantakewa ta kawo mini taƙaitaccen bayanin kundinta na digiri na biyu domin in duba mata. Ta rubuta shi da Faransanci, sannan ta juya shi zuwa Ingilishi kamar yadda aka buƙata. Kundin ya shafi kaciya da al'adun da ke tattare da ita a wani yanki na jihar Maraɗi. A jimlar farko ta rubuta cewa kaciya *right of passage* ce. Kwamfuta ba ta ja mata jan layi ba, domin babu kalmar da aka kuskure harafinta. Abin da take nufi shi ne *rite of passage*, fassarar *rite de passage*, kalmar da Arnold van Gennep ya yayata da littafinsa na 1909, wato bikin al'ada da ke fitar da mutum daga wani matsayi na rayuwa ya shigar da shi wani. Abin da ta rubuta kuwa ma'anarsa izinin ratsawa, irin wanda jirgin ruwa ke da shi a tekun wata ƙasa, ko makiyayi a burtali. Da na nuna mata, sai ta ce: "Ai haka na ji ana faɗa."

Ta yi gaskiya, haka ake faɗa. A bakin mutumin Landan ko na New York, *right* da *rite* da *write* da *wright* amonsu ɗaya ne tak. Kunnenta bai ci amanarta ba. Abin da ya faru shi ne ta shiga Ingilishi da ɗabi'ar da rubutun Hausa ya koya mana, ta rubuta abin da kunne ya ji. A Hausa wannan ɗabi'a tana kai mutum gida, a Ingilishi kuwa tana iya kai shi daji.

Batun ya wuce gyaran kundi. Tun watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ɗaliban da ke zaune a azuzuwanmu na Lamorde a yau, su ne gobe za a miƙa wa yarjejeniya ko takardar shari'a a ce su juya ta tsakanin harsunan nan uku. Kalmomin Ingilishi kaɗan ne za su riƙa cin karo da su a irin waɗannan takardu kamar *right*.

Tukuna, mu daidaita kalmomin aiki

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Na farko, kalmomi mabambanta asali da ma'ana waɗanda furucinsu ya zo ɗaya. A wannan maƙala zan kira su takwarorin furuci, domin kamar mutum ne da takwaransa: suna ɗaya, iyaye daban. Faransanci cike yake da su, kuma duk wanda ya yi shifta a firamare ya sha wuyar *vert* da *verre* da *ver* da *vers*. Na biyu, kalmomin da rubutunsu ya zo ɗaya amma furucinsu ya bambanta, su ne takwarorin rubutu. Na uku, kalma ɗaya mai asali ɗaya wadda ma'anarta ta yi rassa, kamar *wata* na sama da *wata* na kwana talatin, ko *ruwa* na sha da *ruwa* na bashi.

Hausa tana da takwarorin furuci na ainihi, amma ba su da yawa. Idan muka nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi, karin ƙasa da alamar da ta kwanta hagu, karin faɗau da hula, muka bar karin sama babu alama, za mu ga *sâa* namijin saniya da *sâa* na sa riga ba su da wani bambanci a kunne. Haka *kai* wakilin suna da *kai* na kai saƙo. Amma *kâi* na jiki ya fita daga cikinsu, domin karinsa faɗau ne. Kalmar *right* ta dace da nazari domin ta haɗa na farko da na uku: tana da takwarorin furuci har uku, ita kanta kuma ma'anarta ta yi rassa da yawa.

Yadda kalmomi huɗu suka haɗu a amo ɗaya

Shekaru ɗari bakwai da suka wuce, babu Baturen Ingila da zai rikita waɗannan kalmomi, domin kowace da furucinta. A tsohon Ingilishi ana rubuta *right* da *riht*, kuma wannan *h* ana furta ta. Sauti ne zuzau da ake yi a ganɗa, ɗan uwan *kha* ta Larabci amma ya fi ta matsowa gaba. Marubuta na zamanin tsakiya suka koma rubuta shi da *gh*. Jamusanci ya riƙe sautin har yau, shi ya sa muke da *Recht* a gefen *right*, *Licht* a gefen *light*, *Nacht* a gefen *night*. A Ingilishin kudancin Ingila sautin ya yi ta rauni har ya faɗi, kuma da ya faɗi sai wasalin da ke gabansa ya tsawaita ya cike gurbinsa, kalmar ta koma kamar *riit*.

Ita *write* daga *writan* ta fito, mai dogon wasali, kuma ana furta *w* ɗinta. Ma'anarta ta asali karta ko tsaga, domin mutanen da suka fara amfani da ita a kan itace da dutse suke karta haruffansu. Kalmomin rubutu na Latin da Girkanci, *scribere* da *graphein*, su ma daga karta suka samo asali. Tamu kalmar *rubutu* kuwa, Joseph Greenberg ya kawo hujja a 1960 cewa daga Barebari muka aro ta, amma wannan zance ne na wata rana. Tsakanin ƙarni na 16 da na 17 sai *w* da ke gaban *r* ta daina fita a baki, a *write* da *wrong* da *wrist* da *wrap* da sauransu.

*Wright* ita ce ta yi asara biyu, gaba da baya. Asalinta *wyrhta* ko *wryhta*, mai aikin hannu, ƴar uwar *work*. Yau ba a cika jin ta ita kaɗai ba sai a sunan dangi, kamar ƴan uwan nan biyu da suka tashi jirgin sama a Amurka a 1903, ko a harɗaɗɗun kalmomi: *shipwright* maƙerin jirgin ruwa, *wheelwright* mai yin ƙafar amalanke, *playwright* mai tsara wasan kwaikwayo. Wannan ta ƙarshe tarko ce ga ɗaliban adabi. Tun da mai wasan kwaikwayo rubutu yake yi, hankali yakan ba mutum cewa da *write* kalmar ta ƙare. Ba haka ba ne. Ingilishi ya ɗauke shi a matsayin maƙeri, mai ƙera wasa. Kishiyar wannan tarko tana cikin *copyright*, haƙƙin mallakar rubutu, inda ake batun rubutu amma kalmar haƙƙi ce a ƙarshe.

*Rite* kuwa baƙuwa ce. Daga Latin *ritus* ta shigo wajen ƙarni na 14, da ma'anar tsarin ibada ko bikin al'ada. Ba ta da harafin da ya mutu sai *e* ta ƙarshe.

Abin da ya gama haɗa su shi ne babban sauyin wasula da ya auku a Ingilishi tsakanin wajen 1400 da 1700, wanda masanin harshe ɗan ƙasar Denmark Otto Jespersen ya raɗa wa suna. A cikin wannan sauyi dogon wasalin *ii* ya rikiɗe ya zama tagwan wasali *ai*. Duk kalmomin nan huɗu sun riga sun mallaki dogon *ii*, wasu tun asali, wasu ta hanyar faɗuwar *gh*, saboda haka guguwar ta kwashe su tare ta ajiye su a *rait*. Rubutu kuwa bai bi su ba. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, lokacin da sauyin ke tsakiyar tafiya, kuma masu ɗab'i suka yi ta maimaita tsohon rubutu har ya daskare. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ƙara masa gindin zama. Ke nan abin da muke gani a takarda hoton furucin mutanen da suka mutu ne tun ƙarnuka biyar.

Mai karatu Bahaushe zai fi gane wannan idan ya tuna da abin da ya faru a harshensa. August Klingenheben ya nuna a 1928 cewa a Hausar gabas wasu baƙaƙe da ke ƙarshen gaɓa sun raunana sun koma *u*. Shi ya sa Bakano ke cewa *zauna* da *sauka* da *aure*, alhali a yamma har gobe ana jin *zamna* da *sabka* da *amre* ko *arme*. Shi ya sa kuma muke da *talaka* amma *talauci*, da *ɓauna* amma *ɓakane*. An daidaita rubutun boko bayan wannan sauyi ya riga ya kammala, bisa karin Kano. Da a ce an daskarar da shi kafin sauyin, da yau ɗan makaranta a Kano yana rubuta *zamna* yana karanta *zauna*, yana tambayar malaminsa amfanin wannan *m*. Wannan shi ne labarin *gh* ɗin *right*, babu ragi babu ƙari. Kuma kamar yadda Hausar yamma ta riƙe tsohon furuci, haka harshen Scots na ƙasar Scotland ya riƙe *richt* da *nicht*. A wurin mai wannan karin, *right* da *rite* ba takwarori ba ne ko kaɗan. Takwarantakar furuci ba ta kalmomi ba ce a karan kansu, ta bakin wata al'umma ce a wani zamani.

Sai dai kada mu ɗauka kowace *gh* shaidar tarihi ce. *Delight* daga tsohon Faransanci *delit* ta zo, ba ta taɓa mallakar wannan sauti ba. Marubuta ne suka cusa mata *gh* domin ta yi kama da *light* da *night*. Rubutun Ingilishi ma'ajiyar tarihi ce, amma akwai jabun kaya a cikinta.

Rassan ma'anar *right*

Saiwar kalmar tana nufin miƙaƙƙe. Ta fito daga tushen Indo-Turai da masana suka sake ginawa da siffar *reg*, mai ma'anar miƙewa ko jagora a kan layi. Daga wannan tushe Latin ya samu *rectus* miƙaƙƙe, da *regere* mulka, da *rex* sarki. Faransanci *droit* daga *directus* yake, don haka *droit* da *right* ƴan uwan jini ne duk da ba su yi kama ba. Wasu jikokin tushen sun iso Hausa ta hanyar aro: *darakta*, da *adireshi*, da *rula* ta jan layi. Shugaban jami'armu ma, da muke kira *recteur*, a asalin kalma mai miƙar da al'amura ne.

Daga miƙaƙƙe sai aka samu daidai. *The right answer* amsar da ke daidai ce, *the right person* mutumin da ya dace. Kishiyarta *wrong* daga harshen mutanen Scandinavia ta shigo, kuma asalin ma'anarta murɗaɗɗe. Faransanci ya yi irin wannan tafiya da *tort*, daga kalmar Latin mai nufin abin da aka murɗe. Mu ma mukan ce mutum ya miƙe ko ya karkace, mukan roƙi a ɗora mu a kan miƙaƙƙiyar hanya. A nan ɗalibin Yamai yakan yi tuntuɓe da *avoir raison*. Ingilishi yana cewa *you are right*, da aikatau na kasancewa. Wanda ya ce *you have right* ko *you have reason* Faransanci yake yi da haruffan Ingilishi, kuma Hausa na taya shi faɗawa ramin, tun da mu ma cewa muke "kana da gaskiya".

Daga daidai sai aka samu hannun dama. Tsohon Ingilishi yana da wata kalma daban ta dama, *swithre*, mai nufin wanda ya fi ƙarfi. Daga baya ne aka fara kiran wannan hannu *right*, wato hannun da ya dace a yi aiki da shi. Faransanci ma yana da *destre* kafin *droite* ta ture ta. Maƙwabtanmu sun bi wata hanya: Fulatanci yana cewa *ɲaamo*, daga aikatau na ci, Zabarmanci kuma *kambe ŋwaari*, hannun abinci. Hankalin dai ɗaya ne, hannun da al'ada ta yarda da shi.

Wannan reshe ya shafe mu har a adireshinmu. Jami'ar Abdou Moumouni da unguwar Lamorde suna *rive droite*, a Ingilishi *right bank*. Sababbin ɗalibai kan tambaya damar wa ake nufi, tun da wanda ya hau gadar Kennedy daga cikin gari gabansa yake ganin Harobanda. Ƙa'idar ita ce a fuskanci inda ruwa ya nufa. Kogin Isa yana gangarowa daga wajen Tilaberi ya nufi Gaya, wanda ya fuskanci Gaya kuwa gaɓarmu tana damarsa. Mutanen kogi ba su buƙaci wannan lissafi ba. Sun daɗe suna kiran gaɓar dama Gurma, ta hagu kuma Hausa. Ke nan Bahaushen da ya ƙetaro karatu Lamorde, a bakin masunta ya baro Hausa ya shigo Gurma ko da bai bar Yamai ba.

Mafi haɗarin tarko a wannan reshe shi ne *tout droit*. A Faransanci ma'anarta miƙe sak, domin ta riƙe tsohuwar ma'anar saiwa. Wanda ya juya ta da *go right* ya tura baƙonsa dama alhali gaba yake nufi. Abin da za a ce shi ne *go straight*. Su kansu masu harshen sukan rikice: direba ya tambaya ko hagu zai juya, a amsa masa da *right*, bai san ko an ce masa haka ne ko an ce ya yi dama ba.

Daga hannun dama aka samu dama ta siyasa. A majalisar Faransa ta 1789, magoya bayan ikon sarki sun riƙa taruwa a damar shugaban zama, masu neman sauyi a hagunsa. Ingilishi da Faransanci duk sun riƙe wannan hoto. Hausa ba ta karɓe shi ba. Idan aka ce jam'iyyar dama, mai saurare zai iya ɗauka ana nufin wadda ta samu dama. Gidajen rediyo sun yi daidai da suka zaɓi "masu ra'ayin riƙau" ko "masu ra'ayin mazan jiya".

Akwai ƙananan rassa da ba sa buƙatar dogon bayani. *Right angle* kusurwa ce mai digiri 90, wadda layinta ya miƙe tsaye. A matsayin bayanau kalmar tana ƙarfafa abin da ke biye da ita, aikin da Hausa ke yi da ninki ko da ƙarin kalma: *right now* yanzu-yanzu, *right here* nan ɗin nan. A matsayin aikatau tana nufin gyara ko tayar da abin da ya kife.

Reshen da ya fi nauyi shi ne na suna, *a right* ko *rights*. A nan Faransanci da Ingilishi sun rabu a wuri guda. *Droit* tana nufin abin da mutum ya cancanta, tana kuma nufin fannin shari'a gaba ɗaya. Ingilishi yana kiran na biyun *law*. Ɗalibin tsangayar shari'a da ya ce *I study right* bai faɗi kome ba.

Juya *rights* zuwa Hausa kuma zaɓi ne tsakanin kalmomi biyu da ba ɗaya suke ba. *Haƙƙi* daga Larabci take, kuma tana ɗauke da mutum biyu: mai shi da wanda ya hau kansa. Haƙƙin maƙwabci, haƙƙin maraya, haƙƙin leburan da ya yi gumi, duk akwai wanda za a tambaya idan ba a biya ba. Shi ya sa muke cewa an ci haƙƙi, an danne haƙƙi, wane ya ɗauki haƙƙin wane. *Ƴanci* kuwa Hausa ce gangariya, daga *ɗa* da *ƴa* a ma'anar wanda ba bawa ba. Kishiyarta bauta. Tana nuna sakin mara, ba bashi ba. Tun da aka amince da sanarwar duniya ta 10 ga Disamba 1948 a Paris, masu fassara suna kai da komo tsakanin "haƙƙin ɗan Adam" da "ƴancin ɗan Adam", sau da yawa a cikin labari guda. A ganina mai fassara ya tambayi kansa kowane lokaci: wannan *right* wani abu ne da ake bin hukuma ko wani mutum, ko kuwa fili ne da ake so a bar wa mutum? Ilimi da magani da albashi haƙƙi ne, domin akwai wanda ya wajaba ya samar da su. Faɗin albarkacin baki da walwala da addini ƴanci ne, domin abin da ake nema shi ne kada a hana. Wani wuri kuma ba ko ɗaya, izini ne kawai ko iko, kamar a *right of passage* ɗin da muka fara da ita. Wanda ya liƙa kalma ɗaya a ko'ina domin Ingilishi ya yi haka, zai fitar da takardar da alƙali ba zai iya hukunci da ita ba.

A bakin Bahaushe

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da gajeren wasali da baƙi. Ba ta yarda tagwan wasali ya zauna a rufaffiyar gaɓa ba. Shi ya sa *rai* ke komawa *ransa*, *kai* ke komawa *kansa*, *mai* ke komawa *man shanu*. *Rait* kuwa irin gaɓar da Hausa ta haramta ce. Kalmomin aro sun nuna hanyoyin da baki ke bi ya kuɓuta: ko ya ƙara wasali a ƙarshe kamar a *layi*, ko ya raba gaɓar biyu kamar a *fayil*, ko ya taƙaita wasalin kamar a *mil*. Haka za a ji wani ɗalibi yana cewa *rayit*, wani kuma yana matse ta har ta kusa zama *rat*, wadda ke nufin ɓera.

Faransanci yana ƙara nasa. Tun da *rite* haka ake rubuta ta a harsunan biyu, ɗalibi yakan karanta ta *rit*, sai ta faɗa kan wata kalmar Ingilishi daban, *writ*, takardar umurnin kotu. Wannan bambanci na wasali shi ne kuma ke bayan kuskuren da na fi gani a takardun ƴan shekarar farko, wato ninka *t* a *writing*. Baƙi biyu a Ingilishi alama ce ta gajeren wasali a gabansu. *Written* tana da gajere, don haka *t* biyu. *Writing* tana da *ai*, don haka *t* ɗaya. Game da *r* ɗin farko kuwa, ɗalibin nan yana da ra-gare da ra-kaɗe na Hausa, ya koyi ta maƙogwaro a Faransanci, ga ta huɗu a Ingilishi wadda harshe ba ya taɓa ko'ina. Wannan bai dame ni ba, domin ba ya sauya ma'ana.

Madubin da ke gida

Kafin mu yi wa rubutun Ingilishi dariya, mu dubi namu. Shi ya adana bambancin da kunne ya yasar. Namu ya yasar da bambancin da kunne ya adana. Boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, alhali su biyun suna rarrabe ma'ana. *Gàrii* na mutane da *gàarii* na tuwo, *kuukaa* na hawaye da *kuukàa* ta miya, *wuyàa* na jiki da *wùyaa* ta wahala, a takarda ba a rarrabe su. Kalmar da muke fassara *right* da ita ma haka take: *daama* ta hannu, *daamaa* ta sukuni, *daamàa* ta fura, duk *dama* ce a boko. Ajami ya fi boko a nan, domin yana nuna dogon wasali, kuma rubutun Zabarmanci da na Fulatanci na yau suna ninka shi. Ƙamusoshi ne kawai, tun daga na Bargery na 1934 zuwa na Paul Newman na 2007, suke sa wa kalmomin Hausa cikakkun alamomi.

Saboda haka mai karatun Hausa da mai sauraren Ingilishi aiki ɗaya suke yi, kowa yana dogara da muhallin kalma ya cike abin da ya ɓace. Bambancin shi ne lokacin da wahalar ke zuwa. A Hausa rubutawa sauƙi ne, karantawa ke buƙatar sanin harshe. A Ingilishi mai karatu yana ganin *rite* ya san ba *right* ba ce, mai rubutu ne ke ɗauke da kayan. Wannan ne dalilin da ya sa ban goyi bayan masu son a rubuta Ingilishi yadda ake furta shi ba. Da an yi haka, da kuskuren ƴar uwata bai gyaru ba, da dai ya ɓuya ne kawai.

Ban kuma ce a cika rubutun Hausa na yau da kullum da alamomi ba. Babu wanda zai ɗauka an yi miyar hawaye. Amma akwai wurin da muhalli ba ya ceto, kuma ba a sunaye yake ba, a lamirin lokaci yake. *Yaa biyaa* labari ne na abin da ya wuce. *Yà biyaa* umurni ne. *Yâa biyaa* tsammani ne na nan gaba. Duka ukun "ya biya" muke rubutawa. A tatsuniya wannan ba kome ba ne. A takardar sulhu tsakanin manomi da makiyayi, jimlar "wanda ya yi ɓarna ya biya" tana iya zama shaidar cewa an gama biya, tana iya zama hukuncin cewa sai an biya. Yanzu da ake sa ran dokoki da takardun hukuma za su riƙa fitowa da Hausa, sashenmu ne ya kamata ya fara gwada ko alama ɗaya a kan *yà* da *tà* da *sù* na umurni za ta wadatar, a gwada ta a kan masu karatu na gaske a Yamai da Maraɗi da Damagaram, a ga ko tana rage kuskure ko tana ƙara nauyi ne kawai.

Ƴar uwata ta gyara jimlarta kafin ta miƙa kundin. Da na sake dubawa sai na tarar a shafi na biyu ta rubuta cewa a wancan yanki wanzami ne kaɗai ke da *rite* na yin kaciya. A nan kuwa *right* ake so.